Gurbin Suna a Littafin Malama Barakatu

Kullum da an idar da sallar azahar za ka ji ƙarar tsintsiya a zauren da ke manne da gidanmu, nan Wudil, ta hanyar gangaren kogi. Malama Barakatu ce. Sai ta share zauren tas, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa tabarmi huɗu, biyu nan biyu can, ta bar hanya a tsakiya. Daga nan ta zauna bakin ƙofa da reza da gwangwanin fensira, ta yi ta fiƙe su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ba kowa wannan aikin. Ta ce macen da ta bar wanke-wanke ta saɓo goyo ta zo koyon rubutu, bai kamata ta tarar da dakusasshen fensir ba.

Shekara talatin da huɗu ke nan tana haka. Ko haifata ba a yi ba ta fara. Ajin yaƙi da jahilci ne na matan aure. Waɗanda suka buɗe shi tun tuni suka watse, alli ma ya daina zuwa, ita dai ba ta daina zuwa ba. Ƙarshen watan nan za ta ajiye, don yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi take gani da shi, ɗanta Garzali zai tafi da ita Kano a yi mata aiki ta zauna wajensa. Shi ya sa na ce bari in rubuta wannan, tun da ni a cikin mutane bakina ba ya buɗuwa. Tun da na gama sakandare nake ɗaukar hular da nake ɗinki in je in zauna a lungun zauren nan, don ya fi ɗakinmu haske, kuma Malama ba ta taɓa ce min me kike yi a nan ba. Abin da na gani da abin da innata ta faɗa min, su zan faɗa.

Innata a zauren nan ta koyi rubuta sunanta. Ta ce ranar da ta fara sa hannu a katin asibiti maimakon dangwale, sai da ta ɓoye babban yatsanta a cikin mayafi, kamar wani zai kamo shi ya tsoma a tawada. Akwai wata mata da take tahowa daga ƙauyen Kausani sau uku a mako, ko ana ruwa. Ita ce ta karanta kwalbar maganin jikanta ta ga ashe rabin cokali aka ce, ba cokali biyu ba. Akwai wadda ta ce ita ba ta son komai sai ta riƙa karanta saƙon wayarta da kanta, ta gaji da yaran gida su san maganarta kafin ita ta sani. Irin waɗannan suna da yawa, kowa a unguwar nan zai ba ka nasa. Amma in ka ce wa matan nan "Malama Barakatu", ba wannan za su fara tunawa ba. Littafin za su tuna.

Littafin rubutu ne mai kauri, bangonsa baƙi, an ɗinke gindinsa da zaren buhu, kullum yana naɗe cikin wani tsohon ɗankwali. Da hannunta ta rubuta shi, da shuɗin biro da yanzu ya koma ruwan toka. Labari ne dogo, na wata yarinya a zamanin Turawa. Duk macen da ta iya haɗa baƙi da wasali, da shi Malama take gwada ta. Guda ɗaya ne tak. Ta ƙi a ɗauke shi a waya, ta ƙi a kai shi shago a kwafa, ta ce amana ce, ba ta fita daga zauren.

Yarinyar da ke cikin labarin ba ta da suna. Duk inda sunanta ya kamata ya zo, fili ne fari, kamar faɗin yatsu uku. In ana karatu aka zo wurin, Malama sai ta ɗaga hannu, mai karatu ta yi shiru, numfashi uku, sannan a ci gaba. Ban san yadda zan kwatanta muku shirun nan ba. Mata ashirin da 'ya'yansu, rana tsaka, ana jin babura a titi, amma da an zo gurbin nan sai ka ji kamar wani ya shigo ya tsaya a bayanka. Na sha soke yatsana da allura a daidai lokacin.

A cikin gurbin nan kowace ɗaliba take rubuta sunanta karo na farko. Da fensir. Ta rubuta, aji ya karanta da ƙarfi, sannan Malama ta miƙa mata magogi ta goge, ta bar wa mai zuwa. In wani gurbi ya kusa hujewa sai a koma na gaba. Shekara da shekaru ana rubutawa ana gogewa, takardar wuraren ta yi shara-shara kamar fatar albasa. Na taɓa ganin Malama ta ɗaga wani shafi saitin ƙofa. Sunaye ne a kan sunaye, ba wanda ya gogu gaba ɗaya, sun cakuɗe sun zama wani abu baƙi-baƙi kamar gashi a cikin ruwa. Har da na matan da suka rasu.

Shi ya sa ake ta maganganu. Wasu sun ce duk wadda ta sa sunanta sai ta yi mafarkin kogi. Innata ta ce ita ta yi, sau biyu ma, amma ai mu mutanen bakin kogi ne, da me za mu yi mafarki in ba ruwa ba. Safara'u mai awara, wadda ta fi kowa baki a ajin, ranar da aka zo kanta sai ta riƙe fensir ta ƙi sunkuyawa.

"Malama, in na rubuta aljanar nan ta biyo ni gida, ke za ki ciyar da ita fa. Ni awarata ta sayarwa ce."

"Rubuta, Safara'u. Aljanar da ta ga rubutunki ai guduwa za ta yi."

"Kun ji ta ko? Jiya-jiya ta ce S ɗina ya yi kyau."

"Cewa na yi ya yi kama da macijin da mota ta taka. Ke kika ji kyau."

Aka yi dariya. Ta rubuta, harshe a waje. Da ta gama sai ta daina dariyar, ta daɗe tana kallon sunan. Malama ta miƙa mata magogi, sai Safara'u ta ce can ƙasa-ƙasa, "Ba za a bar shi ba, Malama? Ya zauna da kyau."

Malama ta ce, "Wurin wata ne. Aro kika yi."

Labarin a taƙaice shi ne, zamanin Turawa aka ce a ba da 'yan mata a kai su makaranta Kano. Mutane suka yi ta ɓoye nasu, har a rumbu. Wani dillalin fata mai ji da sunan gidansa ya rasa yadda zai yi, ya ba da 'yar farinsa. Yarinyar kuwa ta fi kowa kai. Tana can ana koya musu aikin jinya ta haɗu da wani saurayi malamin asibiti, a littafin an kira shi Zakka, Kirista ne daga kudancin Zariya. Wasiƙa suke yi wa juna. Da ta zo hutu wata wasiƙar ta faɗa hannun uban. Shi kuma bai iya boko ba, ya ga ambulan da kan sarki ya ɗauka takardar gwamnati ce aka aiko a yabi 'yarsa. Sai ya kai ta kasuwa ya miƙa wa mai karanta wasiƙu, a tsakiyar fatake, ya ce karanta min da ƙarfi kowa ya ji. Aka karanta. Tun daga gaisuwa har sa hannu.

Kafin ya iso gida labari ya riga shi, uwar ta fitar da yarinyar ta ƙofar baya. Uban bai bi ta ba. Ya ɗauki takalmanta da mayafinta ya kai bakin kogi ya ajiye, ya dawo ya ce ta je wanki ruwa ya ci ta. Ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Gari duka ya san ƙarya ce, gari duka ya zo ta'aziyya. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, wadda ake yi dominta tana can tana numfashi. Ya rantse duk wanda ya ƙara ambaton sunanta a gidansa bai yafe masa ba.

Mu duk mun ɗauka ƙage ne, don garin da ke ciki ba Wudil aka kira shi ba. Sai bana muka ji gaskiyar daga bakin Malama. Shekararta ta uku da fara aji, wata tsohuwa mai tallar daddawa, Iya Yelwa, ta riƙa zuwa tana zama bakin ƙofa har a tashi, ba ta karatu, ba ta kuma sayar da komai. Ran nan da kowa ya watse ta ce, "'Yar nan, hannunki yana gajiya?" Damina guda suka yi, tsohuwa na faɗa Malama na rubutawa. Ta ce a mayar da shi kamar tatsuniya, kada a gane gidan. Ita ce uwar yarinyar. Da ta zo kan sunan sai ta yi shiru. Malama ta ce da farko ta zaci mantuwa ce, har ta ce, "Iya, wa?" Tsohuwa ta sunkuyar da kai. 'Yar fari ce, ba ta taɓa kiran sunanta da bakinta ba ko tana gabanta, ga kuma rantsuwar miji a kai, ko da yake shi ya daɗe a ƙasa. Da wata ce sai ta ƙago suna ta cike, wa zai sani? Malama ba ta ƙago ba. Ta auna shirun tsohuwa ta bar masa wuri a takarda.

Ke ce, Malama, kika gane shiru ma magana ce, ana rubuta ta. Ke ce aka ba amanar da ba ta da suna, kika riƙe ta shekara talatin ba ki ƙara mata ko wasali ba. Kuma ba ki kulle ta a akwati tsutsa ta ci ba, kika sa matan da aka hana abin da yarinyar nan ta samu suka riƙa zama a wurinta ɗaya bayan ɗaya.

Wata huɗu da suka wuce abin ya tashi. Safara'u tana suyar awara a tsakar gidansu da la'asar tana ba yara labarin, har da kwaikwayon muryar mai karanta wasiƙa. Ba ta san surukinta, Baba Maikano, yana jin ta daga rumfa ba. Dattijo ne da ya kusa tamanin, mutumin kirki, ba a taɓa jin muryarsa a sama ba. Safara'u ta ce da ta zo wajen takalma a bakin kogi sai ta ji carbinsa ya faɗi ƙasa. Ashe ɗan Iya Yelwa ne, ƙanen yarinyar. Safara'u ba ta sani ba, mijinta ma bai san yana da wata gwaggo ba. Malama kam ta sani tun ranar da Safara'u ta fara shigowa ajin, ba ta dai ce komai ba.

Washegari ana tsakiyar karatu ya yi sallama a ƙofar zaure. Namiji bai taɓa leƙo ajin nan ba. Mata suka ja mayafi, Safara'u ta lallaɓa ta koma bayan innata. Sanda ce a hannunsa ɗaya, ɗayan kwalin ashana.

Malama ta russuna ta gaishe shi. An yini lafiya, ya gida, ya iyali, ya ƙarfin jiki, ya muka ji da zafin nan. Ya amsa duka ɗaya bayan ɗaya, har ya tambayi idonta ya yi mata addu'ar sauƙi. Sannan ya ce:

"Malama, an ce akwai wani littafi a wurinki."

"Akwai, Baba."

"Na gidanmu ne."

"Na Iya ne. Ita ta bar min."

"To Iya ta rasu, ni ne magajinta. Ki ba ni in ƙone shi nan a gabanki mu rabu lafiya. In kuwa kin ƙi, gobe zan zagaya wajen mazajen matan nan in faɗa musu asirin gidan mutane ake karanta wa iyalinsu. Ba na so in yi haka. Kin yi wa unguwar nan aiki."

Kowa ya san in Baba Maikano ya buɗe baki, jibi zauren nan babu kowa a ciki. Ko littafin ko ajin, ɗaya za ta rasa. Na ji Safara'u tana raɗa wa innata, "Yau kam bakina ya ci ni." Malama ta rufe littafin ta ɗora a cinyarta.

"Baba, gado ne, ba zan hana ka ba. Amma ka san abin da ke ciki?"

"Ban yi boko ba. Daga kan waccan ta littafin ba wanda ya ƙara yi a gidanmu sai jikoki."

"To ba a karɓar gado a rufe. Ka zauna a karanta maka. Maganar mahaifiyarka ce, yadda ta fito daga bakinta. In an kai ƙarshe, ashana tana hannunka, ni da kaina zan miƙo maka."

Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya ce a kawo masa kujera.

Kwana shida aka yi. Yana zuwa bayan azahar ya zauna bakin ƙofa, ya ba mata rabin baya, kwalin ashana a kan gwiwarsa. Malama ba ta iya ganin rubutunta yanzu, saboda haka matan ne suke karantawa bi da bi, suna tuntuɓe tana gyara musu da ka, don ta haddace shi tun daga farko har ƙarshe. Ranar farko da aka zo gurbi ta ɗaga hannu aka yi shiru, sai ya juyo.

"Me ya tsayar da ita?"

"Nan Iya take tsayawa, Baba."

Daga lungun da nake zaune ni kaɗai nake ganin fuskarsa. Duk sanda aka zo gurbi, leɓɓansa sai su motsa, sau huɗu, ba sauti. Ban faɗa wa kowa ba. Na dai daina ɗinkin.

Rana ta biyu aka karanta yadda yarinyar take koya wa ƙanenta ƙirga da 'ya'yan tsamiya a bayan rumbu, don kada uban ya gani. Ya yi tari, ya nemi ruwa. Rana ta uku aka zo wasiƙar Zakka. Duk shekara in an zo nan mata sai sun yi ta ƙunshe dariya suna zungurin juna, musamman inda ya ce mata ya ajiye bakin fensirin da ta yar. Wannan karon ko tari ba wadda ta yi. Baba Maikano ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Na taɓa ganinsa. Ya zo garin nan da masu lambar rigakafi, shi ya yi min tawa." Ya ɗora hannu a kan damtsensa ya bar shi a wurin har aka tashi.

Rana ta huɗu mai karatu ta ce shuɗin mayafi aka ajiye a bakin kogi.

"Ja ne," in ji shi. "Iya ta manta. Ja ne mai ratsin fari."

"In gyara, Baba?"

"Me za a gyara a abin da za a ƙone."

Aka ci gaba. Har an yi nisa, an shiga zaman makoki, sai ya ce, "Gyara."

Rana ta shida shafin ƙarshe ya faɗo kan Safara'u. Ta ce, "Malama, makogwarona yau ba daidai yake ba." Malama ta ce, "Makogwaron da ake ji daga gada yana kiran awara? Karanta." Ta karɓa ta durƙusa, ta ja mayafi har kan goshi, don suruki ne a gabanta.

Abin da ke shafin shi ne, bayan shekara uku, wata Laraba da rana tsaka, yarinyar ta dawo. Fararen kaya ne a jikinta tun daga kai har ƙafa, kayan aikin asibiti. Ta ratso unguwa a ƙafa. Duk waɗanda suka je ta'aziyyarta suna zaune a inuwar ƙofar gidajensu. Ba wanda ya gudu, ba wanda ya tashi, kowa dai ya kawar da kai, aka janye yara aka ce musu fatalwa ce kada su kalla. Ta tsaya a ƙofar gidan ubanta. Uwar tana bayan katanga da taɓarya a hannu, tana jin numfashinta. Sai ta yi sallama.

A nan littafin ya ƙare, da sallama uku. Mai karatu takan faɗe su da ƙarfi, kuma ba a amsawa, don ranar ba wanda ya amsa. Kun san bakinmu, sallama ko a rediyo aka yi sai ka ji ka amsa ba ka sani ba. Duk shekara in an zo nan mata sai sun toshe baki da mayafi. Malama ba ta taɓa cewa kada a amsa ba, hannunta kawai take ɗagawa.

Safara'u ta ce, "Salamu alaikum."

Shiru. Har jaririn da ke ta ƙananan koke-koke a bayan wata ya tsaya.

"Salamu alaikum."

Sai na ji wata 'yar ƙara kas-kas-kas. Tsinken ashana ne suke kaɗawa a cikin kwali, gwiwar tsoho ce take rawa.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salamu, Rahinatu."

Muryar siririya ce, ba irin wadda muka san shi da ita ba, kamar ta ƙaramin yaro. Ya ƙara cewa, "Shigo, Yaya."

Wallahi duk sai da muka juya muka kalli ƙofa, har Malama da ba ta gani. Babu kowa. Rana ce kawai a kwance a ƙasa, fara fat.

Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba. Shi ne ya fara magana, wannan karon da muryarsa.

"Ina cikin zaure ni da Baba. Shekarata tara. Ta leƙo ta gan ni, ta yi min murmushi. Na buɗe baki, Baba ya damƙe min wuyan hannu. Da ta tafi ya ba ni tsintsiya ya ce in share ƙofar gida. Fatalwa ba ta da sawu, Malama. Wannan tana da shi. Takalmi mai igiya, ƙasansa kamar ƙayar kifi. Na share har bakin hanya. Iya ba ta san wannan ba."

"In rubuta, Baba?"

"Rubuta."

Malama ta lalubi biro, ta sa fuskarta dab da takarda, ta rubuta a ƙarƙashin sallamar nan uku, yana faɗa a hankali tana bi. Mata suna ta share ido da bakin zane. Da ya miƙe zai tafi kwalin ashanar ya zame ya faɗi kan tabarma bai waiwaya ba. Safara'u ta ce ita ta tsince shi, kuma a murhun awara ya ƙare, tsinke ɗaya bai yi asara ba.

A bakin ƙofa ya tsaya ya dogara da sandarsa.

"Malama, wace addu'a zan yi mata? Ta mamaci an riga an yi mata tun tana tafiya da ƙafarta."

"Ta mai rai, Baba. Har sai an zo mana da labari."

Littafin yana nan, ajin ma yana nan. Mako biyu bayan haka jikokin Baba Maikano mata biyu da matar ƙaramin ɗansa suka zo suka zauna a tabarmar gaba. Ko ta auri Zakka ko ba ta aure shi ba, ko ta haihu, ko wane gari ta yi aiki, ba wanda ya sani. Na ji wata ta tambayi Malama, ta ce, "Allah ne ya sani. Ni abin da aka faɗa min na rubuta."

Malama Barakatu, uwar masu fara rubutu da girma. Ke ce aka zo miki da ashana kika ba da kujera. Ba ki ɗaga murya ba, ba ki yi ƙarya ba, ba ki kunyata dattijo a gaban surukarsa ba, kika bar maganar uwa ta yi aikinta a jikin ɗanta. Ba a taɓa kiran sunanki a wani taro ba, ba ki da takardar yabo a bango. Mun gode. Innata ta gode, matar Kausani ta gode, Safara'u ta ce in faɗa miki S ɗinta yanzu macijin ya warke. Allah ya buɗe idon nan, ya saka miki da abin da ya fi abin da za mu iya faɗa, ya jiƙan Iya Yelwa.

Ku kuma 'yan'uwana da Allah ya ba karatu, ba sai kun jira an buɗe muku aji ba. Akwai zaure a unguwarku, akwai matar da har yau yatsa take dangwalawa, akwai tsohuwar da ke zama bakin ƙofa tana jiran a watse ta tambayi wani ko hannunsa yana gajiya. Ku zauna ku saurare ta, ku rubuta yadda ta faɗa.

Akwai kuma roƙo ɗaya da Baba Maikano ya ce a saka, shi ya aiko Safara'u wajena da shi. Ku da kuka zo garin nan aiki ko karatu a jami'a daga kudancin Kaduna, ko Filato, ko wani wuri can, in kun koma gida ku tambayi manyanku. In tana raye ta kusa casa'in. Tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, Hausarta ta Kano ce, tana da 'yar wushirya, wataƙila ba ta taɓa faɗa wa kowa garinsu ba. In kun same ta, ko 'ya'yanta, ko inda aka kwantar da ita, ba a ce ku kawo ta ba. Ku dai ce mata ƙanenta yana gaishe ta, kuma an amsa.